Renon Itacen Al'ul Daga Ƙwaya, da Cutar da Take Kā da Shi Tun Yana Tsiro

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san sunan itacen al'ul, gama an ambace shi fiye da sau 70 a cikin Tsohon Alkawari. Da katakonsa aka gina wa Dawuda fāda, da shi kuma Sulemanu ya lulluɓe bangon Haikali daga ciki. Littafin 1 Sarakuna sura 5 ya ba da labarin yarjejeniyar da Sulemanu ya yi da Hiram sarkin Taya, da yadda ya tara ma'aikata 30,000, yana aika 10,000 kowane wata zuwa duwatsun Lebanon, kowane rukuni ya yi wata ɗaya a can, wata biyu a gida. Gumaguman kuwa sai a gangaro da su bakin teku, a ɗaɗɗaure su wuri ɗaya, a bi da su ta kan ruwa har Yafa. Mun saba jin al'ul a cikin wa'azi a matsayin misalin ƙarfi da daɗewa. Abin da ba mu cika ji ba shi ne, wannan itace da yake iya yin shekara fiye da 1,000 a tsaye, a makonninsa shida na fari ban-ruwan da ya wuce kima kaɗai ya isa ya kashe shi.

Al'ul ɗan tsauni ne. A Lebanon ana samunsa daga wajen mita 1,300 sama da teku zuwa sama da mita 2,000, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa watanni. Akwai shi kaɗan a Suriya, amma mafi yawan abin da ya rage a duniya yana kan duwatsun Toros a kudancin Turkiyya. Yana da 'yan'uwa a tsibirin Kubrus, da duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, da kuma duwatsun Himalaya. A Lebanon ɗin kanta, wadda ta sa hotonsa a tsakiyar tutarta, kurmin da ya rage bai wuce wajen hekta 2,000 ba, shi ma a warwatse. Masarawa sun saya, Assuriyawa da Babiloniyawa sun kwasa, Romawa sun sara, har Sarki Hadiriyan, wanda ya yi mulkin Roma daga shekara ta 117 zuwa 138, ya sa aka sassaƙa gargaɗi a jikin duwatsu domin a san kurmin na sarki ne. Amma ba gatari kaɗai ya cinye al'ul ba. Inda aka sare manya, ƙanana za su iya tasowa su maye gurbinsu, sai dai awaki ba su bari. Saboda awaki ne aka kewaye shahararren kurmin nan na kusa da garin Bisharri da katangar dutse a 1876, da taimakon kuɗi daga Sarauniya Biktoriya ta Ingila. A 1996 gwamnatin Lebanon ta keɓe kurmin Shuf, a 1998 kuma hukumar UNESCO ta sa kurmin Bisharri da kwarin Kadisha cikin wuraren tarihi na duniya.

Keɓe kurmi yana tsare abin da ya rage ne kawai. Wanda yake so al'ul ya koma kan tsaunukan da suka zama ƙoƙuwa, dole ya fara daga ƙwaya. Ba a cika samun nasara da dasa reshe ba, kamar yadda muke yanko reshen zogale ko cediya mu kafa. To, a nan aikin yake.

Al'ul ba ya yin fure irin na mangwaro. Irinsa yana cikin wani kwanso mai siffar ƙaramar ganga, tsawonsa santimita 8 zuwa 12, wanda yake zaune a tsaye a kan reshe kamar an ɗora shi. An gina kwanson da faifai-faifai masu tauri, a jere, suna danne da juna, kowane faifai kuma yana rufe da ƙwaya biyu masu fiffike. Daga lokacin barbara a watannin Satumba zuwa Nuwamba, kwanso yana ɗaukar fiye da shekara ɗaya kafin ya nuna. Ba ya faɗowa ɗungum. A can kan itacen yake wargajewa sa'ad da ruwa da sanyi suka yi ta dukansa, iska ta kwashe ƙwayoyin, a bar tsinke ɗaya a tsaye a kan reshe. Don haka masu tara iri sukan riga shi, su tsinko kwanson da ya yi ruwan ƙasa kafin ya buɗe. Su jiƙa shi a ruwa kwana biyu, sa'an nan su murɗe shi da hannu, faifan su rabu, a fitar da ƙwayoyin a cire musu fiffike. Kilo ɗaya na tsabtataccen iri yana ɗauke da ƙwaya wajen 12,000. Ƙwayar tana da mai, tana kuma da 'yan ƙuraje cike da ƙaro a jikin ɓawonta, in aka murje ta da ƙarfi ƙurajen suka fashe, sai ta ƙi tsirowa. Saboda man nan ne kuma ba ta jimre ajiya. Irin gero yana iya kwana shekara biyu a rumbu, amma irin al'ul in ba a wuri mai sanyi ƙwarai aka adana shi ba, nan da nan yake mutuwa.

Kafin mu ga yadda ake shuka shi, sai mu tuna cewa shekarar Lebanon ba irin tamu ba ce. Mu ruwanmu yana zuwa da ɗumi, sanyinmu kuma busasshe ne. Su kuwa ruwansu da sanyinsu tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu, sa'an nan watannin zafi su wuce ƙayau ba ɗigo. Ƙwayar al'ul tana faɗuwa a kan dusar ƙanƙara, ta kwanta cikin sanyi da laima, ba ta motsawa sai ƙanƙara ta fara narkewa. Wannan jira kāriya ce da Mahalicci ya sa mata, domin kada ta tsiro a farkon hunturu sanyi ya ƙone ta. Ma'aikatan gandun daji na Turkiyya sun yi amfani da wannan hali: tun daga shekarun 1980 suke watsa irin al'ul a kan tsaunuka masu duwatsu gab da saukar ƙanƙara, su bar sauran aikin ga yanayi. Mai reno a gida kuwa sai ya kwaikwayi hunturu. Ya jiƙa ƙwayoyin kwana ɗaya, ya tsane su, ya gauraya su da yashi mai ɗan danshi, ya zuba a leda, ya sa a firji wurin da sanyi yake digiri 3 zuwa 5, ba wurin da ruwa yake daskarewa ba, har wajen kwana 30. Ya riƙa dubawa kowane mako, gama wasu sukan fasa baki tun suna cikin firji. Wadda ta fito da farar saiwa sai a shuka ta ran nan.

Abin da al'ul yake fara yi shi ne tura uwar saiwa can ƙasa, tun kansa bai kai tsawon yatsa ba, domin ya cim ma laima kafin rani. Saboda haka gwangwanin madara ko faffaɗan faranti ba su dace da shi ba. Ana bukatar mazubi siriri mai zurfin santimita 20 ko fiye, mai manyan huji a gindi, a ɗora shi a kan waya ko katako yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi. A sa ƙwaya ɗaya ko biyu a kowane mazubi, zurfin santimita 1 zuwa 2. Cikin mako biyu zuwa huɗu sai ka ga wani ɗan kara ya lanƙwaso daga ƙasa, ya miƙe da ɓawon ƙwayar a kansa kamar hula, sa'an nan ya yar da hular ya buɗe ganyayensa na fari, sirara kamar allura, a kewaye kamar haƙarƙarin laima.

Daga ran nan hatsarin yake farawa. Mai reno zai kwanta da yamma tsironsa duka suna tsaye kore shar, ya tashi da safe ya tarar biyar ko goma sun kwanta. Ganyensu bai yi yaushi ba tukuna, amma in ya ɗaga ɗaya ya duba daidai inda kara ya shiga ƙasa, zai ga wurin ya jiƙe kamar an zuba masa ruwan zafi, ya yi ruwan ƙasa, ya tsuke kamar zare. Gobe na kusa da su ma su kwanta. A kwamin reno abin yana bazuwa a da'ira, kamar yadda makero yake ci a kan yaro. Wannan ita ce cutar ruɓewar gindin tsiro. Akwai kuma wadda take kama ƙwaya tun tana cikin ƙasa, ta ruɓar da ita kafin ta fito, mai shuka ya yi ta zagin wanda ya sayar masa da iri alhali kuwa laifin yana cikin ƙasarsa.

Masu kawo cutar waɗansu ƙananan halittu ne dangin funfuna, irin wadda take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma na ɗakin kimiyya. Uku ne suka fi ɓarna, kowanne da halinsa. Na fari sunansa Fitiyom. Shi 'ya'yansa suna da wutsiya, iyo suke yi a cikin ruwan da ya kwanta tsakanin ƙwayoyin ƙasa har su kai ga saiwa. In ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, ba su da hanya. Na biyu Rizoktoniya, wanda yake shimfiɗa zarensa a saman ƙasa mai ɗumi da danshi, ya kama kara daidai wuya. Na uku Fusariyom, mai son zafi, wanda sau da yawa a jikin ɓawon ƙwayar kanta yake zuwa, wato mai reno da hannunsa yake shuka cutar tare da irin. Dukansu suna iya zama cikin ƙasa ko a jikin tsohon mazubi shekara da shekaru suna jira. Abin da ya ba su dama a kan tsiro shi ne taushin karansa. Da zarar kara ya yi ƙwari ya fara zama itace, wajen mako huɗu zuwa shida bayan fitowa, sun rasa ƙofa. Ba sabuwar matsala ba ce. Tun a 1921 wani masani a ma'aikatar gona ta Amurka, Carl Hartley, ya wallafa dogon bincike a kan yadda take cinye tsiron itatuwa masu ganyen allura a wuraren reno, al'ul kuwa yana cikin waɗanda ba su da juriya gare ta ko kaɗan.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu, tun da al'ul ba ya yi a ƙasarmu? Gaskiya ne ba ya yi. Ko tudun Jos, da tsayinsa ya kai wajen mita 1,200, ba shi da hunturun da al'ul yake so, ruwanmu kuma yana sauka ne a lokacin ɗumi, daidai yadda funfuna take so. Wanda ya ga katako a kasuwa aka ce masa sida ne, wato sunan al'ul da Turanci, kada ya ɗauka na Lebanon ne. Akwai wani itace daga nahiyar Amurka mai suna sidirela da ake shukawa a kudancin Nijeriya da Gana, ƙanshin katakonsa ne ya sa aka ara masa sunan, amma shi dangin maɗaci ne da dogon yaro. Sai dai cutar ba ta san iyakar ƙasa ba. Ita ce take kwantar da tumatir da tattasai da albasa a kwamin reno a fadamunmu, ita ce take cinye gwanda da turare da fain a cikin leda. Duk ɗalibin da ya taɓa rasa rabin irinsa na aikin gona cikin kwana uku ya riga ya sadu da ita. Abin da yake tsirar da al'ul a Lebanon shi zai tsirar da waɗannan a nan.

Tsiron da ya riga ya kwanta ba shi da magani. Dukan aikin rigakafi ne, yana kuma farawa daga ƙasa. Ƙasar lambu baƙa mai taki, wadda kowa zai ce ita ce mai kyau, ita ce gidan cutar. A tsauninsa al'ul yana tsirowa ne cikin tsakuwa da tsagar dutse, inda ruwa yake wucewa nan take. Sai a haɗa masa ƙasa mai sakwa-sakwa: yashi mai kauri da aka wanke, da ruɓaɓɓen ganye wanda ya zama ƙasa sarai, da 'yar ƙasa mara laka. Gwajin mai sauƙi ne. Ka jiƙa ta ka dunƙula a hannu, in ka buɗe hannu ta wargaje da ɗan taɓawa, ta yi. In ta tsaya kamar curin fura, laka ta yi yawa. Bayan haka a kashe cutar da take ciki da zafi. Ana turara ƙasa kamar yadda iyayenmu mata suke turara dambu a madambaci: a huhhuje gindin rabin duro, a shimfiɗa buhu, a zuba ƙasa mai danshi, a ɗora a kan wani rabin duron mai tafasasshen ruwa, a rufe. Abin da ake nema shi ne tsakiyar ƙasar ya kai digiri 70 zuwa 80 ya tsaya haka minti 30. In babu ma'aunin zafi, a binne dankalin Turawa madaidaici a tsakiya, sa'ad da ya dahu ƙasar ma ta yi. Kada a soya ƙasa a busasshiyar wuta har ta ƙone, gama hakan yana kashe halittu masu amfani, yana kuma fitar da abubuwan da suke ƙona saiwa. Ga mai babban kwami, rana ta isa: a watannin Maris da Afrilu a jiƙa kwamin sosai, a rufe shi da farar leda mai nuna ciki, a danne gefenta da ƙasa, a bar shi mako huɗu zuwa shida.

Turara ƙasa aikin banza ne in aka juye ta a mazubi mai datti, ko aka ajiye ta a ƙasa inda ruwan sama zai fantsamo mata taɓo. Tsohon mazubi a kankare shi, a jiƙa shi minti 30 a ruwan bilic irin na wanke fararen kaya, kashi ɗaya na bilic cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye. Ƙwayar ma a wanke ta cikin ruwa mai gudu kafin ta shiga firji. Akwai garin maganin gauraya iri da manoma suke saya a ƙananan fakiti, yana taimako, amma guba ne, ba a taɓa shi da hannu tsirara, ba a kuma wuce abin da aka rubuta a jikin fakitin, domin in ya yi yawa shi kansa yana hana ƙwayar itatuwa tsirowa. A ganina bai kamata ɗalibi ya fara dogara gare shi ba tun bai koyi riƙe butar ban-ruwa ba.

Gama a wurin ban-ruwa ne yawancin tsiro suke hallaka, ba kuwa a hannun malalaci ba, a hannun mai ƙwazo. Shi ne yake zuwa da safe ya ba da ruwa, ya dawo bayan makaranta ya ƙara, abokinsa ya wuce da yamma ya ga abin tausayi shi ma ya ƙara. Ƙa'idar ita ce a ba da ruwa da safe kaɗai, domin saman ƙasa ya bushe kafin dare. A ba shi sosai har ya fita ta gindi, sa'an nan a ƙyale shi. Kafin a sake, a tura yatsa cikin ƙasar, ko a ɗaga mazubin a ji nauyinsa. In da sauran danshi, a wuce. Ruwan kududdufi da na rafi sukan ɗauko Fitiyom, na rijiya ko famfo ya fi. Wata dabara da masu renon al'ul da fain suke yi ita ce rufe ƙwaya da ƙananan tsakuwa ko yashi mai kauri maimakon ƙasa. Ruwa ba ya tsayawa a cikinsu, don haka wuyan tsiro, inda cutar take kamawa, kullum a bushe yake ko da saiwa tana cikin laima.

Haka zancen taki. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu, ko yuriya a makonnin fari, suna sa tsiro ya yi saurin tsawo da kara mai ruwa-ruwa, wato suna tsawaita lokacin da cutar take iya shigarsa. Ƙwayar al'ul ta zo da guzurinta na mai, ya ishe ta har ganye na gaskiya su fito. Toka da farar ƙasa ma a nisanta su, domin an daɗe da lura cewa cutar ta fi tsanani a wuraren renon itatuwa masu ganyen allura in ƙasa ba ta da ɗan tsami. Inuwa kuma a yi ta da lissafi. Rumfa mai duhu, mara tsayi, wadda iska ba ta ratsawa, tana sa tsiro ya yi dogon wuya yana neman haske, ƙasa kuma ta ƙi bushewa. Gara rumfa mai tsayi, a buɗe ta kowane gefe, wadda take tace rana ba ta hana ta ba. Kada kuma a cika iri wuri ɗaya. Inda tsiro suka yi cunkus, zaren funfuna daga wannan kara zuwa wancan taki ɗaya ne.

In duk da haka aka wayi gari waɗansu sun kwanta, kada a yi hanzarin yanke hukunci, gama akwai abu biyu da suke kama da cutar. Tsutsar da take fitowa da dare tana datse kara tsaf kamar da reza, ba ruɓa, in ka tona kusa sau da yawa za ka same ta a naɗe. Zafin rana kuma, in saman ƙasa ya yi zafi ƙwarai, yana ƙona wuyan tsiro, amma tabonsa fari ne, busasshe, a gefen da rana ta buga kaɗai. Na cutar kuwa jiƙaƙƙe ne, ya kewaye karan duka, saiwar ma sau da yawa ta yi baƙi. In ita ce, a kwashe waɗanda suka kamu tare da ƙasar da take kewaye da su da na kusa da su, a kai nesa a ƙone, kada a zuba a ramin taki. A wanke hannu da abin da aka yi aikin da shi, a rarraba sauran mazuban, a ɗaga rumfa, a dakatar da ruwa har saman ƙasa ya bushe.

Al'ul ɗin da ya haye waɗannan makonni yakan yi shekara ɗaya ko biyu a wurin reno. Kafin a fitar da shi ana rage masa ruwa da inuwa da kaɗan kaɗan domin ya saba da wahala. A Lebanon ana dasa shi a kan tsauni wajen Nuwamba, bayan ruwan fari, da ƙasar mazubinsa duka, ba a taɓa uwar saiwar ba. Ana jera duwatsu a gindinsa su riƙe laima, a kewaye shi da waya saboda awaki, a kuma ɗauko masa ruwa 'yan lokatai a rani biyu na fari. A shekarun nan da ƙyar ake ganin ƙaruwarsa a sama, domin ƙarfinsa duka yana tafiya ƙasa. Yakan kai shekara 30 zuwa 40 kafin ya fara ɗora nasa kwanson a kan reshe.